Mesar Zuwera da Kaskon Rufa'i

Mu'aither, Doha
Disamba, 2022

Zuwa ga Yaya Habibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan ƙaninki Baban Zuwera, Ya haskaka kabarinsa. Mu nan lafiya ce irin wadda ake faɗa don ladabi. Gari ya cika da baƙin ƙwallon kofin duniya, kowa da tutarsa. Ɗanki Rufa'i kuwa ya yi ƙiba har wuya, don haka ta wannan gefen ki kwantar da hankalinki. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kina fara kuka tun ba a iso kan laifinki ba.

Kin turo Rufa'i da katin shigowa na 'yan kallo, kika roƙe ni in sama masa aiki kafin katin ya ƙare. Na karɓe shi, na ba shi ɗaki. Na je na sami Dramani, mutumin Zangon Kumasi, aminin marigayi, wanda ke kula da ɗakunan ajiya na wani kamfanin dakon kaya, ya yarda zai ɗauke shi. Abin da ya rage wa ɗanki shi ne ya ci, ya sha, ya kiyaye hannunsa.

Ba ki san halin da Zuwera ta shiga ba, tunda ba ki tambaya. Tun da korona ta ɗauke babanta, aka binne shi ba mu ko ga fuskarsa ba, yarinyar nan ta daina magana, abinci sai ta juya shi da cokali ta tashi. A bana ne ta ce tana son 'yar jaririyar mesa, wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ni da na tashi a Ƙauran Namoda, inda ake rugawa neman sanda da an ga maciji, na ce to, domin shi ne abu na farko da ta roƙe ni tun rasuwar. Ta sa mata suna Laraba. Albarkacin Laraba Zuwera ta dawo teburi, tana ci tana yi mini bayanin ɗumi da laima kamar malama.

Sai Laraba ta ƙi cin abinci. Muka kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce ba ciwo ba ne: ƙarama ce, wuri sabo ne, kuma ta kusa yin saɓa, shi ya sa idanunta suka yi hazo. Ya ce a bar ta cikin ɗumi da duhu, kada a taɓa ta, in ta saɓe a ɗumama ɗan ɓera daga firiza a ajiye mata. Magani ke nan gaba ɗaya, a ƙyale ta. Zuwera ta faɗa wa Rufa'i, ni ma na faɗa masa da Hausar da aka haife shi a cikinta. Da mun fita sai ya ciro ta, ya naɗa a hannu, ya sa rigar ƙwallo yana ɗaukar hoto, ya ƙure iyakwandishan har gilashin akwatinta ya yi raɓa.

Cikin hotunan nan ya turo miki ɗaya. Ke kuma daga kan tabarmarki a Gusau kika dubi idanun, kika yanke hukunci cewa wannan ba maciji ba ne, aljani ne, shi ya sa yake ƙyamar mushen ɓera, shi ya riƙe Zuwera, kuma shi zai toshe wa Rufa'i hanyar aiki. Kika ce a yi masa hayaƙin tazargade da habbatussauda da barkono. Kada ki musa, ya kunna mini saƙon muryarki da kansa don ya wanke kansa. Ina jami'a ina koyarwa, Zuwera tana makaranta, ɗanki ya ɗauki kaskon da nake turara baƙi da shi, ya zuba garwashi, ya sa a cikin akwatin, ya rufe, ya lulluɓe da tawul don kada albarka ta zube, ya tafi kallon wasa.

Zuwera ce ta tarar da Laraba, a miƙe jikin gilashi, baki buɗe, hancinta a manne da 'yar kafar da iska ke shiga. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta naɗe ta a ƙyalle, sannan ta tambaye ni ko Gwaggo ta ce ita ma a yi mata hayaƙin. Tun ranar ba ta sake zama a teburi ba. Rufa'i ya dawo da dasasshiyar murya, ya ce khalas, wato shi ke nan, maciji ne fa, in ya fara aiki zai sayo wani, kuma Mama ta ce mutuwar alama ce aiki ya ci.

Aiki ya ci kuwa. Na kira Dramani, ban ƙara ko kalma ba, na ce mutumin da zai ba ajiyar kayan jama'a an ce masa ya ƙyale akwati guda, sai ya kunna wuta a ciki. Ya ce ya gode, ya fasa ɗaukarsa. Rufa'i ya durƙusa a bakin ƙofata yana kuka, yana Anti ki tuna zumunci, ki tuna Kawu. Na tsaya na kalle shi har ya gama, domin ban so in rasa komai, sannan na miƙa masa jakarsa. Yana unguwar Aziziya wurin abokan hotonsa, jirginsa ranar Asabar.

Kada ki turo mini dattawa, kada kuma ki kira sunan marigayi, ba ki isa ba. In maƙwabtan da kika cika wa baki suka tambayi abin da ya dawo da shi, ki ce aljanin Doha ne ya koro shi. Ba ki yi ƙarya ba, ni ce.

Ki gaida Alhaji, da Atine da jaririnta, da Baba Ɗantala. Zuwera ba ta ce in gaishe ki ba.

Matar ƙaninki,
Ummukulthum