Zane bakwai a jikin Farar Kuka

Asabar, 1 ga Yuli

Yau abokiyar hawan dutsena Ngaire ta kai ni tsohon ramin fasa dutse na bayan gari, ta miƙo min gatarin ƙanƙara biyu, ta ɗaura min faratan ƙarfe a takalmi. Ni da na shekara ashirin ina kiran masu hawan dutse da ƙarfe 'yan yaƙushi! To ya zan yi? Tun da injin kafa turakun shinge ya cinye min yatsu biyu na dama, hannuna ba ya riƙe dutse. Ƙotar gatari kam yana riƙewa.

Ta ce in na iya kafin Agusta, za mu ɗaura igiya ɗaya mu hau tsaunukan Remarkables masu ƙanƙara kamar dā. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba.

Talata, 4 ga Yuli

Na kasa zama. Sau uku na dafa shayi, ko ɗaya ban sha ba.

Lahadi, 9 ga Yuli

Faɗowa shida. Gatarin ya suɓuce ya daki hular kwanona, saura kaɗan haƙori. Ngaire ba ta ma kallona sosai, da kunne take koyarwa. Wai gwani ajiye bakin gatari yake yi a 'yar gaɓa, ya gwada, sannan ya ɗora nauyi, ba a jin motsinsa.

"Lachie, kai fa kamar an saki tunkiya a kan rufin kwano," in ji ta. "Dutsen bai zage ka ba."

Na ce ramin nan ne ruɓaɓɓe. Ta ce ai shi ya sa aka bar mana shi. Haushi kamar in jefar da kayan.

Laraba, 12 ga Yuli

Na yi abin da bai kamata ba. Na tashi aiki da wuri, na wuce Farar Kuka ni kaɗai, na zuro igiya daga sama. Hanyar hawa ce a jikin wani dutse, kuma tawa ce, ni na fara hawanta da hannu ina ɗan ashirin da shida, ni na raɗa mata suna. Na ce dutse mai kyau da na sani kamar tafin hannuna, nan zan gane abin. Na san dutsen bazara ne da ake hawa da hannu kawai, ba a kai masa ƙarfe. Ni ma na sha faɗa wa mutane.

Na hau har ƙarshe. Daɗi kamar in yi ihu. Sai da nake saukowa na gani: zane bakwai farare tas da ƙarfena ya yi wa dutsen, kuma 'yar gaɓar nan ta tsakiya, wadda kowa ke kamawa da yatsa biyu, ta ɓalle.

Asabar, 15 ga Yuli

Ngaire ta gani. Ta zo gida, ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta ce mutane na zargin baƙi masu yawon buɗe ido.

"Baƙo bai san inda gaɓar take ba," ta ce. "Kai ka sa mata suna, Lachie, amma ba taka ba ce."

Da wata mai hawa, Tamsin, za ta tafi Remarkables a Agusta, ba da ni ba. Kunya ta hana ni cin abinci.

Alhamis, 20 ga Yuli

Na koma. Ruwan sama bai wanke komai ba. Na ciro littafin masu hawa da ke cikin gwangwani a gindin dutsen, na rubuta cewa ni ne, da cikakken suna. Rubutun hagu, duk a karkace.

Lahadi, 6 ga Agusta

Sun tafi tun jiya, sama garau. Na yi zaton zan yini ina zagaye a tsakar gida, sai ga ni a ramin ruɓaɓɓen dutse. Tsoho Wiremu, mai zuwa nan kowace Lahadi, ya riƙe min igiya. Ajiye, gwada, ɗora nauyi. Hanya ɗaya kawai, kusan awa guda. Da na sauko ya ce ya ɗauka barci ya kwashe ni a sama, ko ƙyas bai ji ba.

Na roƙe shi kada ya gaya wa Ngaire. Ba don a ji na yi ba.

Na wasa bakin gaturan da magagari, na rataye su kusa da ƙofa. Ba wai son abin nake yi ba. Asabar dai zan koma.