Rasuwar Injiniya Zayyanu Dalijan, Jagoran Tallafin Karatun Malam Umaru da Hajiya Jummai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ɗaliban Gidauniyar Malam Umaru da Hajiya Jummai ta sami labarin rasuwar ubanmu kuma jagoranmu, Alhaji Injiniya Zayyanu Umaru Dalijan, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata a gidansa da ke Gwandu, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin shi ne babban ɗan Malam Umaru, manomin shinkafa daga Dalijan, da Hajiya Jummai, 'yar asalin Diggi. Ya tashi yana ganin ruwa na cinye gonar mahaifinsa damina bayan damina, tsohon kuwa ba ya fasa cewa ranar da ƙasar nan ta haifi ɗan da ya san makamar ruwa, ranar talaka zai yi barci. Da iyayen suka rasu, sai Injiniya ya tara ƙannensa suka yanke shawarar cewa sadakar da za su yi musu ita ce ɗaukar nauyin karatun injiniya a jami'a ga 'ya'yan manoma da makiyaya na Gwandu da Kalgo. Ta wannan ƙofa muka shiga jami'a, mu da ba mu taɓa mafarkinta ba.

A shekarunsa na ƙarshe ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tsare shi a ɗaki guda, ya kuma ɗaure masa harshe. Mutumin da ya saba kwana a bakin gada ana zuba kankare ya koma sai an tayar, sai an kwantar. Duk da haka bai yarda a sallami ɗalibi daga ƙofarsa ba. Mukan shimfiɗa zanenmu a kan cinyarsa, ya bi layi da yatsan hagu, inda ya ga kuskure ya tsaya ya dube mu, bakinsa na motsi maganar ta ƙi fita. Allah Ya sa wannan ƙunci ya zama kaffara, Ya yalwata masa kabarinsa.

Muna neman gafarar iyalai bisa rashin ganin 'yan'uwanmu na Diggi a wajen jana'iza; ruwa ne ya yanke hanya, suka tsaya a gaɓa har aka binne shi.

Ba za mu ɓoye wa jama'a halin da muke ciki ba. Akwai ƙannenmu da ke tsakiyar karatu, ga lokacin komawa makaranta ya ƙarato, mu kuma da muka gama yawancinmu ba mu sami aikin da za mu tallafe su ba. Suna kiranmu suna tambayar makomarsu. Ba mu da amsar ba su a yau, kuma kunya ba za ta bari mu kai wannan tambaya gidan makoki ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa Hajiya Surayya, da ƙanwarsa Malama Mubaraka Umaru wadda nauyin Gidauniyar ya faɗo wa, da 'ya'yansa, da ɗaukacin al'ummar Dalijan da Diggi. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi, mu kuma da ya bari a tsakiyar hanya Ya buɗa mana mafita. Amin.

Sa hannu:
Injiniya Muzzammil Haruna Malisa
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya