Yaron da Bai Kai Ranar Suna Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya ƙafar Inna? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan ƙasar waje, unguwar Plumstead, da sauƙi, jikina ya warware.

Yau wata guda da yaron ya koma. Kwana biyar ya yi a duniya. Babansa da abokansa uku suka kai shi makwanci, ni ina gida ni kaɗai, kayan fitar suna a ninke kan gado. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Mai ceto ne, ki daina kuka." Ba wanda ya tambayi sunansa.

Jiya na aro littafi a laburare, na zaci na soyayya ne, kin san halina. Ashe labarin matan ƙasar Girka ne na zamanin da. Duk shekara sukan shuka iri a fasassun tukwane, ya tsiro, kafin ya yi saiwa rana ta ƙone shi. Sai su hau rufin soro da dare, su yi kuka tare, suna kiran sunan wanda suka rasa. Addininsu ba namu ba ne, Allah ya tsare. Amma Yaya, su aƙalla sun samu abokan kuka. Da ina cewa taron suna ɓarnar shinkafa ne. Yanzu na gane shi ne shaidar cewa mutum ya zo duniya.

Ki gaida mini kowa, ku sa ni a addu'a. Roƙona ɗaya: ranar Juma'a ki tara su Inna da Gwaggo a tsakar gida, ko babu goro. Ki kira ni a waya, ki faɗa da ƙarfi ina ji: da Abdulhamid aka yi masa huɗuba.

Ƙanwarki,
Rumasa'u