Ba Zan Kashe Layinka Ba

Zuwa ga makaɗin da ya fi gangunansa daraja, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, wanda duk dukan da ya kai wa fata a ƙirjina yake sauka.

Ina gaishe ka gaisuwar da abokan kiɗanka ba su da rabo a cikinta ko na ƙwayar zarra. Ka yi haƙuri, yau da zafi na tashi.

Shekara biyu ke nan ina zaune a bayan teburin sauti, ina daidaita muku kiɗa duk inda aka gayyace ku. 'Yan kallo a dunƙule suke jin ku, suna tsalle suna ihu wai an samu sababbin gwanayen kiɗan rok. Ni kuwa da na ɗora abin sauraro a kunne na danna maɓalli, sai in ji kowannenku shi kaɗai, ba rufi. Wayyo kunnena! Na ji mawaƙinku Mai Tabarau yana laluben murya kamar mai neman takalminsa a cunkoso. Na ji ɗan jita yana binne kuskurensa cikin ƙara, yana kaɗa gashi don kada a lura. Sau nawa yatsun nan nawa suka rufa musu asiri? Amma in na buɗe layinka, wanda sautin gangunanka ke bi, ya rabin raina, me nake ji? Hannu mai gaskiya, da ɗan gurnanin nan da kake yi a maƙogwaro in kiɗa ya ratsa ka, wanda duk duniya ni kaɗai na san da shi.

Ka tuna ranar da kuke gwaji a shagon tayoyin kawun ɗan jita, rana tsaka, kwano ya ɗau zafi, sandarka ta karye ta tsaga maka yatsa? Da guntun sandar ka ƙarasa waƙar. Na naɗe maka yatsan da salatif ɗin ɗaure wayoyi, kai kuma kana ta ba ni haƙuri wai ka ɓata mini kayan aiki. Tun ranar ban sake mallakar kaina ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Albam ɗinku na farko, wanda suka ce kada kowa ya ji sai ranar ƙaddamarwa, wanda har ka kai wa mahaifiyarka hoton bangonsa, jiya aka ba ni shi don in shirya. Waƙa tara, babu hannunka ko a ɗaya! Bayan ka gama naka a situdiyo ka tafi, sun goge shi sun sa gangar kwamfuta, wai kana ƙara sauri in waƙa ta yi daɗi. Abin ya fito sumul ba rai, kamar ɗigar famfo. Kuma ba su tsaya nan ba. Da safen nan Mai Tabarau ya same ni ina naɗe wayoyi, ya ce, "Malama, ranar Asabar a wajen ƙaddamarwa gangar albam za ki saki. Shi makaɗin ki kashe layinsa, ki sa masa kiɗan a kunne ya riƙa bi. Filin babba ne, ba mai jin sa, ai hannu kawai jama'a ke kallo. Kada fa ki gaya masa."

Ji mutum! Wanda ko tafi bai iya yi daidai ba, shi ne zai mai da kai ɗan tsana a kan dandamali? Ya ƙara da cewa in na ƙi, masu sauti ba su ƙare a gari ba, kuma rangadin wata ukun da za ku fara ba da ni ba.

Kai ma ba ka tsira daga bakina ba, masoyi. Na san halinka: za ka sunkuyar da kai ka ce a yi haƙuri, ƙungiya ta fi mutum ɗaya. Wannan haƙurin naka shi ne ƙayar da ke cikin sonka, kullum tana suka ta. Har yaushe za a taka ka kana tambaya ko ƙafar mai takun ta ji ciwo?

Roƙona ɗaya ne: kada ka fasa zuwa. Ka zo ka zauna a bayan gangunanka ka buga da dukan ƙarfinka. Wayar kwamfutar ko jona ta ba zan yi ba, layinka kuwa zan ɗaga shi har na ƙarshen fili ya ji ka a haƙarƙarinsa. Za su kore ni, na sani. Wata uku ba zan gan ka ba, kuma tun yanzu kewarka ta fara cin raina.

Wanda zai gaji kujerata zai kashe layinka a gari na gaba, kuma ran nan ba na nan, kai za ka tsaya wa kanka. Ni Asabar ɗaya ce kawai a hannuna, na ba ka ita.

Taka, da aiki ko ba aiki, har numfashina ya ƙare,
Mai sautinku, daga yau zuwa Asabar.