Safar Hannun Ranar Baƙi

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, tsohon banza ne ke magana, furfura har a gira amma hankali ko na ɗan akuya babu. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ne shugaban leburori a wani sito a Mando, inda mata ke wanke citta suna yankawa, a fitar da ita ƙasar waje. Karatuna bai wuce gane sunana a jikin buhu ba, amma baki gare ni, shi ya sa Alhaji mai siton ya ɗora ni. Masu sayen kayan sun kafa sharaɗi, wai ba sa son cittar da aka cuci ma'aikaci a kanta, sukan turo wata 'yar boko ta duba mu. Ranar zuwanta nake buɗe kwali na raba safar hannu da takunkumi, tana fita na bi na karɓe. Hotona ma yana jikin kwalin cittarsu, na washe 'yan haƙoran da suka rage min.

Akwai Asabe, matar abokina marigayi, ni na kawo ta aikin. Ruwan maganin wankin ya cinye mata hannu, fata duk ta saɓule, tuwo ma da cokali take ci. Ita kuma baƙuwar takan sa a cire safa ta duba hannu. Zuwanta na ƙarshe Alhaji ya ce kada a ga Asabe, sai na aike ta ɗakin buhuna ɗauko tsintsiya, na ja ƙofa na danna kwaɗo. Har na ce wa sauran matan amarya na sa a lalle. Suka yi dariya, don ni ke zaɓar wadda za ta dawo aiki gobe.

Sati mai zuwa baƙuwar za ta dawo. In na bari ta ga hannun nan za a soke cinikin, Alhaji ya rantse rufe siton zai yi, Asabe da marayunta su koma ina? In na sake kulle ta, hannun ya tafi ke nan. Jama'a, na buɗe ko na kulle?

Jiya Asabe ta same ni bakin famfo, ba faɗa ba kuka, ta ce, "Yaya, wannan karon in za ka kulle ni, ka ara min safar na sa, ni ma na ji yadda take."