Rokar Gorar Ruwa

'Yata Bashira,

Gaisuwa daga Abuja. Ya mamanki, ya mutanen unguwar Pantami? Ina lafiya, sai kumburin kunci. Na karɓo miki kayan da hukumar sararin samaniya ke ba malaman kimiyya, har da rokar gorar ruwa, wato ƙaramar roka ta gwaji da ake harbawa sama da ruwa da iska. Karambani ya sa na gwada ta a tasha. Ta yi ƙara, aka ɗauka bom ne, soja ya wanke ni da mari.

Na ji kawunki Joda ya ce ki bar koyarwa saboda takardar barazanar da aka jefa makarantarku. Ki gaishe shi, Litinin ki shiga aji. Allah ya tsare.

Ni ba a kore ni ba, da ƙafata na gudu daga aji huɗu. Bashin karatun nan yana wuyana, a bencin ajinki zan biya.

Babanki, Shu'aibu