Ranar da Tsoho Ya Faɗi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da 'ya'yana. Yaya ƙafar Inna? A ce mata ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin matashi, labari ya iso ni.

Na karanta faɗan da kika yi mini, kuma ban musa ba. Gaskiya ne da na zo hutu na ƙi zama in ba ƙofa baya, kuma da murfin tukunya ya faɗi na miƙe zumbur har na tsorata yara. Kin ce in bar aikin gidan yari, ko shago ne a buɗe mini. Yaya, ni da shago? Ai duk wanda ya shigo sai na laluba aljihunsa kafin in sayar masa da sabulu.

Amma abin da kika gani haka yake. Mun yi kaɗan, fursunoni sun yi yawa. In ka gama gadi mai karɓarka bai zo ba, sai ka zarce. Mutum ya wuni cikin ihu da ƙarar ƙarfe, ya koma gida kunnensa bai tashi daga aiki ba. Mu gandurobobi ba ma cewa mun gaji, sai dai mu ce ciwon kai ne.

Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne Tsoho, mutumin da ya koya mini aiki. Suna ne kawai, ban jin ya girmi maigidanki, aikin ne ya fesa masa furfura. Yana da hawan jini, ƙwayoyin na aljihunsa har suna marmashewa don mantuwa. Shi ke tsaron filin shan iska, shi kaɗai a tsakiyar fursunoni, makullan ɗakuna a ƙugunsa. Ni kuma ina ƙofar tsakiya, wadda ta raba filin da ofisoshi, ina leƙensa ta wata 'yar taga. Na ce ya nemi hutu, sai ya tambaye ni wa zai bar wa filin, ni da ko usur ban iya busawa da kyau ba.

A gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Ni lafiyata ƙalau, na fara da wannan don kada ki tashi hankalin Inna. Tsoho ne ya faɗi, yana asibiti.

Sai na gaya miki wata doka tamu kafin ki gane abin da na gani. In ma'aikaci ya faɗi a cikin fili, mai ƙofa ba ya buɗewa. Zai busa usur, ya ƙara sakata, ya tsaya. Dalili kuwa, ba a san ko kayar da shi aka yi don a ja mai ƙofa ya buɗe a yi waje ba. Ba a shiga sai an ga makullai sun fito daga filin, kowane fursuna kuma yana zaune a ƙasa hannu a ka. A ƙa'ida ayarin ma'aikata ne ke zuwa su tilasta haka. Ran nan rabin ayarin sun raka mutane kotu.

Da hantsi ne, rana ta fara zafi. Ina kallo Tsoho ya dafa bango, ya zame a hankali ya kwanta. Na busa usur. Hannuna ya sa sakata tun kafin zuciyata ta yarda. Ma'aikacin jinyarmu ya iso da jakarsa, babbanmu ya iso da mutum ɗaya tak, muka tsaya a bayan ƙarfe muna kallon mutum yana shure-shure. Ban taɓa tsanar hannuwana irin ranar ba.

Fursunoni suka yi kansa. Akwai wani da muke ce wa Kafinta, ƙato ne, ya daɗe a gidan, kuma kwanan nan Tsoho ya hana shi ganin baƙi saboda faɗa. Na ga ya durƙusa ya kai hannu ƙugun Tsoho ya zare makullan. Yaya, na sadaƙar. Makullan nan suna buɗe kowane ɗaki a ɓangaren.

Ya miƙe, ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani, ya tako shi kaɗai zuwa ƙofata. Ya sunkuya ya turo su ta ƙarƙashi har suka taɓa takalmina. Ya juya ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Sai na kusa da shi ya zauna. Sai na bayansa. Filin nan da kullum sai mun yi ihu har murya ta dashe kafin a samu layi, na ga ya lafa tun daga ƙofa har bangon ƙarshe. Waɗanda ba sa ga maciji da juna suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wani sabon shiga da bai san abin da ake yi ba, na kusa da shi ya ja rigarsa ya zaunar da shi. Wani dattijo ya zauna ta inda inuwarsa za ta faɗa kan fuskar Tsoho. Shiru ya yi yawa har ina jin ɗigar famfon wanki.

Sun san dokarmu kamar yadda muka san ta. Sun gane ba za mu buɗe ba, sai suka yi wa kansu abin da ayari zai zo ya yi musu. Babbanmu ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa mini kai, na zare sakata. Har muka fita da Tsoho a gadon ɗaukar marasa lafiya, babu wanda ya sauke hannunsa.

Na ɗauka na san mutanen da nake kullewa, ashe lambar ɗakinsu na sani.

Ki yi masa addu'a, har yanzu bai farfaɗo ba.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, na gode da addu'a. Tsoho ya farfaɗo, amma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa sai an kasa kunne. Likita ya gaya wa matarsa da an kawo shi da wuri da wataƙila hannun ya tsira. Ni dai na san a bakin wace ƙofa aka ɓata lokacin.

Da ya gan ni, abin da ya fara tambaya shi ne ko na buɗe kafin lokaci. Na ce a'a. Ya matse mini yatsu da hannunsa mai lafiya, ya ce yanzu na zama ma'aikaci. Sannan na ba shi labarin Kafinta da zaman da aka yi masa. Ya sa na maimaita. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, matarsa ta share.

Kada ki yi mini faɗa, daga gobe ni aka ba filin. An sa wani sabon ma'aikaci a ƙofa. Ɗazu na nuna masa sakata da taga, na ce in ya ga na faɗi kada ya buɗe, ko da ya ji ina kiran sunansa. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta